Shirin tafiyarmu zuwa duwatsun Kolorado a watan Satumba

Tun cikin watan Yuli muka tsai da shawarar cewa hutun bana a jihar Kolorado ta yammacin Amurka za mu yi shi, kuma na dage a kan makon uku na Satumba, domin a lokacin ne ganyen bishiyoyin aspen ke rikiɗewa ya koma ruwan zinariya, yana farawa daga ƙololuwar tsaunuka kafin ya gangaro ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsayin wurin. Birnin Denba kansa, babban birnin jihar, yana kan mita 1,609 daga doron teku, hanyar Trail Ridge kuwa, wadda ta ratsa gandun dajin Rocky Mountain da aka kafa a 1915, tana hawa har mita 3,713. A can iska ba ta da kauri, mutum yakan yi haki da ciwon kai in ya yi gaggawa, don haka za mu kwana biyu a Denba, muna yawaita shan ruwa, kafin mu haura garin Estes Park da ke bakin gandun dajin. Dusar ƙanƙara takan sa a rufe hanyar a tsakiyar Oktoba, wani lokaci ma takan sauko tun Satumba, shi ya sa na sa rigunan sanyi masu kauri a jaka, ko da rana za ta yi zafi.

Wannan ne kuma lokacin barbarar manyan barewin nan da ake kira elk, sa'ad da mazansu ke kuka mai ƙarfi da almuru. Na gargaɗi yara cewa daga nesa za mu kalle su, saboda namijin yakan kai hari.