Kafin ka zaɓi inda za ka ajiye jakuzi a gida

Sana'ata aikin famfo da girka kayan wanka, kuma a 'yan shekarun nan masu gina gida a Jos da Abuja da Kaduna sun fara neman jakuzin tsakar gida, wato babban bahon nan da ke dumama ruwa da kansa yana fesa wa mutum a baya da ƙafafu. Kusan duk maigidan da ya kira ni ya riga ya tsayar da wuri a ransa, yawanci barandar bene ko gindin wata bishiya mai inuwa. Ni kuwa ba na duba kyan wuri sai na gama lissafin nauyi, da na wuta, da hanyar da ruwa zai bi idan an zubar. Wurin da ya tsallake waɗannan shi ake wa ado daga baya.

Nauyi shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Jakuzi na mutum biyar ko shida faɗinsa kusan mita 2 ne kowane ɓangare. Ba ruwa, nauyinsa ya kai kilo 300 zuwa 400. Yana cin ruwa lita 1,200 zuwa 1,500, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Ka ƙara mutum biyar a ciki, ka haura kilo 2,000, wato ya fi ƙaramar mota nauyi, kuma duk a kan fili mai murabba'in mita 4 da ɗan kai. Kowace murabba'in mita tana ɗaukar kusan kilo 500 ke nan, alhali dekin gidan zama yawanci ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200 na mutane da kaya. Shi ya sa idan aka ce mini a baranda ake so, ko a kan rufin dekin, nakan ce a kira injiniyan da ya zana ginin ya duba da takardarsa a hannu. Idan ya yarda, jakuzin ya zauna a kan bim, wato kankaren kwance da ke ɗauke da dekin, ko kusa da ginshiƙi. Baranda mai fitowa waje wadda babu ginshiƙi a ƙarƙashinta ba na ɗora mata ko da maigida ya ce birkilansa ya ba shi tabbaci. Tsagewar dekin ba ta nuna kanta ranar da aka cika ruwa, sai bayan watanni ka ga layi a silin ɗin ƙasa.

A ƙasa ma ba ko'ina ba. Abu na farko da nake tambaya shi ne ina sokawe yake, ina tankin ƙasa, ina bututun bayan gida ya bi. Gidaje da yawa an shimfiɗa intalok a kan murfin sokawe har maigidan ya manta, kuma sau da yawa nan ne ɗan filin da ya rage babu komai a kai, don haka nan ido ke faɗawa. Murfin sokawe ba zai ɗauki tan biyu ba. Haka kuma wurin da aka yi wa ciko da ƙasa kwanan nan, damina ɗaya ta isa ta sa ya lotsa.

Daɓen da nake yi mita 3 ne a mita 3, kaurinsa santimita 15. Ana kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba marmara ko fasassun duwatsu a daddaɓe sosai, a shimfiɗa leda, a jera rodi mai milimita 10 ko 12 da tazarar santimita 20 tsakani. Haɗin kankare buhun siminti ɗaya, yashi kwanon sarki huɗu, tsakuwa takwas; daɓe mai wannan girman yana cin kusan buhu tara. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda, kuma na fi son a bar shi ya yi kwana 28 kafin a ɗora masa cikakken nauyi. Inda bahon zai zauna dole ya daidaita cif. Idan wani gefe ya fi wani tudu ko da santimita biyu ne, ruwa zai karkata, bakin da ke zuƙar datti daga saman ruwa zai riƙa shan iska, jikin bahon kuma ya murɗe a hankali har ya tsage. Kada a yi masa waigi da katako ko guntun tayil don a gyara, ƙasansa gaba ɗaya ake so ya taɓa daɓe. Daɓen ya ɗan ɗara ƙasar da ke kewaye da shi, ita kuma a karkatar da ita waje, domin ruwan sama kada ya kwanta ya shiga akwatin da famfo da na'urar wuta suke.

Intalok kaɗai a kan yashi ba ya riƙewa. Dandamalin katako kuwa, ban da nauyi, gara na jiransa.

Sai wuta. Yawancin jakuzin da ake shigowa da su daga Turai ko China suna da hita mai kilowat 3, da famfon fesawa ɗaya ko biyu. Idan duka suka tashi tare sukan ja kilowat 6 zuwa 7. Wannan yana bukatar layinsa shi kaɗai daga allon wutar gida, da breka mai amfiya 32, da waya mai sulke ta milimita 6 a binne, ko ta milimita 10 idan tafiyar ta yi nisa. Nisa kuɗi ne kuma yana rage ƙarfin wuta, don haka duk mitar da ka matsar da jakuzi daga allon wuta ka ƙara wa kanka tsada. Dole a sa na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa cikin ruwa, a kuma tabbatar sandar atin ɗin gidan, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ya kwashe wutar da ta zurare, tana aiki da gaske, domin na sha tarar da wayar atin a rataye ba a haɗa ta da komai ba. Makunnin kashewa ya kasance inda ana ganinsa amma aƙalla mita 2 daga ruwan, yadda mai jiƙaƙƙen hannu ba zai miƙa daga ciki ya taɓa ba. Kada a ajiye jakuzi a ƙarƙashin wayar wutar da ta ratsa sama. Kuma a duba takardarsa tun kafin a saya: tamu wutar mai ƙarfin volt 230 ce, mai zagaye 50 a daƙiƙa (50Hz), wanda aka ƙera wa Amurka kuwa na zagaye 60 ne, famfonsa ba zai yi aiki yadda ya kamata a nan ba.

Akwai lissafin da nake yi wa kowane maigida a gabansa. Ɗaga zafin lita 1,500 da digiri ɗaya yana cin kusan yunit 1.7 na wuta. Daga ruwan tanki mai digiri 22 zuwa digiri 38 da ake shiga, wajen yunit 28 ke nan, kuma hita mai kilowat 3 za ta yi kusan awa goma tana aiki. Wanda wutarsa ba ta tsayawa haka, a kan janareta zai dogara, kuma ƙaramin janareta ba zai ja ba. Wannan ya shafi wuri ta hanya biyu. Ta farko, kada a ce don a rage waya a kai jakuzin kusa da ɗakin janareta, saboda hayaƙinsa guba ne kuma mutum a ruwan zafi ba ya saurin gane jiri ya fara ɗibarsa. Ta biyu, wurin da iska ke kaɗawa yana sace zafin da aka sha wahalar tarawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma a Jos dare yakan yi sanyi har ya kusanci digiri 10 a Disamba da Janairu, daidai lokacin da aka fi son shiga. Nakan nemi wurin da gini ko katanga ta tare wannan ɓangaren. Yana rage cin wuta, yana kuma rage ƙurar da ke toshe matatar ruwa.

Gindin bishiya yana da daɗin kallo amma ba na ba da shawararsa. Darbejiya tana zubar da ganye da 'ya'ya, mangwaro yana tara jemagu da tsuntsaye da kashinsu, saiwa kuma tana ɗaga daɓe. Rana tsirara ita ma tana cin murfin, fatarsa ta bushe ta farfashe, kuma bahon da aka bari a buɗe ba ruwa a tsakar rana jikinsa yana iya kumbura. Rumfa ta fi, mai tsayin da murfi zai buɗe ba tare da ya bugi rufi ba, gefenta a buɗe domin tururi ya fita.

A bar masa sarari. Gefen da ƙofar injin take yana son kusan mita ɗaya, yadda mai gyara zai durƙusa ya zaro famfo. Sauran gefuna santimita 50 zuwa 60, bayan kuma inda murfi zai kwanta idan an naɗe shi. Masu son a binne jakuzi a daɓe ko a kewaye shi da bulo da tayil don ya yi kyau, ranar da wani bututu ya fara yoyo sai an fasa ginin. Wannan sararin kuma a riƙa share shi, kada ya zama ma'ajiyar tarkace, domin akwatin injin yana da ɗumi, ɓeraye suna son sa, suna cin waya, maciji kuma yana bin ɓera.

Ruwan ana canza shi duk wata uku zuwa huɗu, kuma lita 1,500 ba abin da za a sake a tsakar gida ba ne. Tun ranar zaɓen wuri a san kwatar da zai bi, da gangaren da zai kai shi can. Kada ya kwanta a gindin katanga, taka ko ta maƙwabci, kada kuma a tura shi sokawe domin zai cika shi, sinadarin kuloriyin ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta. Idan shuka ake so a ba, a daina zuba sinadarin kwana biyu ko uku kafin a zubar. Famfon cikawa ma ya kasance kusa.

Batun sutura ba na barin sa sai an gama. Nakan tsaya a daidai wurin, in durƙusa zuwa tsayin wanda ke zaune a ciki, in duba tagogin benen maƙwabta da hanyar da baƙi da masu aiki ke bi daga ƙofar gida. Katanga mai tsayi ba ta tare idon da ke sama, rumfa ce ke yi. Amma kada a kai shi lungun da ba a gani daga cikin gida idan akwai yara: murfi mai makulli wajibi ne, kuma a kulle shi duk lokacin da babba ba ya wurin. Tsakanin ƙofar ɗaki da bahon kada ya yi nisa, a shimfiɗa tayil mai kaushi, a sa fitila. Jikin tagar ɗakin kwana kuma a kauce masa, saboda ƙaramin famfon da ke juya ruwa yana tashi da dare.

Wanda ya nace sai a cikin ɗaki, yana bukatar magudana a daɓe da fanka mai zuƙe tururi zuwa waje, in ba haka ba silin ɗin filasta zai jiƙe ya yi baƙi ya fara zubowa. A ƙarshe a auna hanya kafin mota ta iso. Jakuzi a tsaye kan gefensa ake shigo da shi, don haka yana son ƙofa mai faɗin kusan mita ɗaya da tsayin da ya haura mita 2, kuma kowace kwana a lungun gida sai an auna ta, har da injin na'urar sanyaya ɗaki da ke maƙale a bango da bututun da ya fito. Inda hanyar ba ta isa ba, ko dai a ɗauko kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, ya tsallaka da shi ta saman katanga, ko a shigo da shi tun kafin birkila ya rufe wannan ɓangaren.