Lahadi, 15 ga Yuni 2025: ranar jiran waya

Jiya ban yi barcin kirki ba. Tun ƙarfe sha ɗaya na dare Auta, 'yata mai wasan jimnastik (wasan tsalle da alkafura), ta shigo ɗakina ta kwanta a gefen gado, wayarta a kan ƙirji. Yau ce ranar da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta yarje wa masu horarwa su fara kiran yarinyar da ta gama aji na 10. Kafin yau ba su da ikon yi mata zancen gurbi a ƙungiyar jami'arsu, komai son da suke mata. Sha biyu ta buga, shiru. Da kwata ƙawarta ta wurin atisaye ta turo cewa jami'o'i uku sun neme ta. Auta ta yi mata barka, ta kife wayar, ta juya min baya. Na yi kamar barci nake.

Bayan asuba na ɗumama ragowar soyayyen naman layya, Abbansu kuma ya ɗauko biro ya hau lissafi a bayan takardar kuɗin wuta, kamar yadda ya saba. Jami'o'in rukunin farko, wato babban rukunin NCAA, masu ƙungiyar jimnastik ta mata sittin da 'yan kai ne a duk faɗin ƙasar. Shekara da shekaru kowace ƙungiya cikakken sikolashif 12 kawai aka yarda ta bayar, ba a shekara ba, a ƙungiyar gaba ɗaya. Ke nan duk shekara gurbi uku ko makamancin haka ke buɗewa idan manya suka kammala. Su kuwa masu nema, duk 'yan mataki na 10 ne a ƙwarewar wasan irin Auta, wato na dab da matakin manyan 'yan wasa, ga kuma waɗanda suka wakilci ƙasa. Sunisa Lee da zinarenta na Tokyo ta shiga Auburn, Jordan Chiles kuma ta shiga UCLA. Da irin waɗannan ake layi.

Na ce masa ai doka ta canza. A farkon watan nan wata alƙaliya a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya cire waccan ƙa'ida ta 12, yanzu ƙungiya mutum 20 ce iyakarta, kuma jami'ar da ta shiga tsarin tana iya biya wa dukansu. Bai ɗago ba ya ce, "Izini aka ba su, Maman yara, ba kuɗi ba." Haushin maganar ya kama ni saboda gaskiya ce.

Wajen sha ɗaya Hajiya ta kira daga Kano, can la'asar ta yi. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Ina 'yar alkafurata?" Shekara goma ke nan haka take kiranta. Na sake yi mata bayanin da na sha yi, cewa idan Allah ya sa aka dace, wasan nan zai biya kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. Ta yi dariya ta ce duniya da abin mamaki take, su da suna yara a kan alkafura duka suke sha. Daga nan ta gangaro inda na san za ta gangaro, wato zancen kaya. Ban yi mata musu ba, don ni ma abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Na dai faɗa mata 'yan wasan Jamus sun sa doguwar riga mai rufe ƙafa har idon sawu a gasar Tokyo a 2021, kuma Auta ta ce za ta tambayi duk mai horarwar da ta kira ta ko za a bar ta ta yi haka. Hajiya ta ce, "To, ta fara da wannan kafin zancen kuɗi." Ta sa mata albarka, muka yi sallama.

Tsakanin azahar da la'asar gidan ya yi tsit. Na share kicin sau biyu. Ina goge teburi na tsinci kaina ina gwada faɗin wayata da katakon da take tafiya a kai, santimita 10 ne faɗinsa, tsayinsa daga ƙasa santimita 125. A kan wannan ɗan siririn abu take juyawa ta baya, ni kuwa har yau in ta hau sai na sunkuyar da kai ina Hasbunallahu. Sama da awa 20 a mako, damina da rani, ga ƙanƙarar Ohio da muke ratsawa a mota tun duhu.

Wayar ta yi ƙara biyar saura. Ta ruga ɗaki ta tura ƙofa, ni kuma, Allah ya yafe min, na laɓe a bakin ƙofar da tsumma a hannu. Mataimakiyar mai horarwa ce daga wata jami'ar rukunin farko, ba irin su Oklahoma da suka ɗauki kofi a Fort Worth a watan Afrilu ba, ƙarama ce dai mai mutunci. Minti 18 suka yi. Na ji Auta tana dariya, na ji tana bayanin idon sawunta na hagu, na ji ta yi tambayar riga da muryar da ban san tana da ita ba.

Da ta fito fuskarta har sheƙi take. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Nawa za su bayar?"

Nan take na ga annurin ya ragu. Ta ce a hankali, "Umma, ta ce sandunan lilona sun burge ta." Ban tambaye ta yadda ta ji ba, ban rungume ta ba, kuɗi na tambaya, kamar mai bin bashi. Tun ɗazu abin yake dawo min.

Bayanin dai shi ne suna son ganin sakamakonta na makaranta, don akwai darussa 16 da NCAA ta wajabta, kuma suna gayyatarmu ziyara bayan 1 ga Agusta. Riga, ta ce za ta tuntuɓi shugabarta. Kuɗi, ba ta yi alkawari ba. Ko da ta yi, alkawarin baki ne, sai Nuwamban 2026 ake sa hannu a takarda, kuma kafin nan mai horarwa na iya canza wurin aiki, ƙafa na iya gocewa. Da magariba wata jami'ar rukuni na uku ta turo imel. Su ba sa ba da kuɗin wasa ko sisi, sai tallafin ƙoƙari a aji. Abbansu ya fi murna da wannan, ya ce lissafin Auta ba ya targaɗe.

Bayan isha na same ta a falo ta ɗora ƙafar a kan matashi. Na ɗauko ƙanƙara na naɗe a tawul na zauna a ƙasa ina riƙe mata. Na ce ta maimaita min abin da matar ta faɗa game da wasanta na lilo a kan sanduna, tun daga farko, kar ta tsallake komai. Ta harare ni kaɗan, sannan ta fara.

Gobe atisaye ƙarfe takwas. Ban wanke kayanta ba, ga motar babu mai.