Kura da shan bugu: na raini ɗan sahun gaba, masu kuɗi suka ɗauke

Duk wanda ya ce maka aikin kocin sahun gaba na zari-rugar Amurka a ƙaramar jami'a bai wuce koya wa yara tare abokan karawa ba, rabin zancen ya faɗa maka. Sauran rabin shi ne ka raini yaro har ya zama ƙato, sannan ka koma gefe kana kallo masu hannu da shuni su zo su yi gaba da shi. Ni an yi mini, kuma har yau abin bai gama sauka daga wuyana ba.

Karatu ne ya kawo ni Amurka, zari-rugar ƙasar ta riƙe ni. Ina cikin masu horar da mutum biyar ɗin nan da ke durƙusawa a gaba, santa a tsakiya, masu gadi biyu a hagunsa da damansa, sai 'yan gefe biyu, a wata jami'a ta rukunin FCS, wato ƙasa da manyan da ake nunawa a talabijin kowace Asabar. A lokacin da abin ya faru gurabenmu na tallafin karatu 63 ne, muna gutsura wa wannan rabi, wancan kwata, alhali manyan na FBS suna da 85 cikakku. Yaron da shafukan 247Sports da Rivals, masu auna 'yan wasan sakandare, suka liƙa wa tauraro huɗu, wanda ya kai kilo 135 tun yana sakandare, ko wayarmu ba zai ɗaga ba. Don haka mu ƙashi muke nema, naman mu za mu ɗora.

A filin ƙwallon kwando na fara ganin yaron, a wani ƙauyen manoma, cikin tsananin sanyi. Dogo ne, saura kaɗan ya cika mita biyu, siriri, bai kai kilo 110 ba. Abin da ya tsayar da ni ƙafafunsa ne. Mutum mai wannan tsawo yana ja da baya yana gocewa gefe ba tare da ƙafa ɗaya ta harɗe ɗaya ba. Da aka tashi na gaisa da mahaifinsa, hannuna ya ɓace a cikin nasa, na dubi faɗin kafaɗar dattijon na ce a raina, jikin nan zai ɗauki nama. Da yaron ya zo sansanin gwaji da bazara, abu ɗaya na ce ya yi mini kafin komai: ya tsugunna, dugadugansa a ƙasa. Kada ku yi dariya. Tsugunnon da kowane yaro ke yi a bakin kwanon tuwo, yaran nan da yawa ba sa iyawa, idon sawunsu a sandare yake. Wanda ba ya lanƙwasa gwiwa da idon sawu, da ƙugu zai sunkuya, kansa ya rinjaye shi gaba, ɗan tsaron da ya san aiki ya fizge shi ya wuce. Yaron ya tsugunna daram, yana kallona yana jiran sauran gwajin.

Ba ni na ƙirƙiro wannan hanya ba. Cody Mauch ya shiga jami'ar North Dakota State ba tare da tallafin karatu ba, a matsayin mai kama ƙwallo na ƙarshen sahu, nauyinsa kimanin kilo 100, ya fita ƙaton ɗan gefe, ƙungiyar ƙwararru ta Tampa Bay ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa a 2023. Lane Johnson majefin ƙwallo ne a sakandare, sai a jami'ar Oklahoma aka mayar da shi sahun gaba, ya zama na huɗu da aka zaɓa a 2013. Jason Kelce ɗan tsaro ne lokacin da ya shiga jami'ar Cincinnati, shi ma daga baya aka mayar da shi sahun gaba. Jami'ar Iowa, inda Kirk Ferentz ya zama babban koci tun 1999, ta yi suna wajen kwaso 'yan kokawa: Tristan Wirfs zakaran kokawa ne na jiharsa, Tyler Linderbaum kuwa ya taɓa kai shi ƙasa suna sakandare. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa ya san dalili, wanda ya shige ƙarƙashin ɗan uwansa ya riga shi kafa hannu, shi ke da nasara. Irin waɗannan sunaye na jera wa mahaifiyar yaron a teburin cin abincinsu, ta saurara har na gama, ta ce, "Koci, ni dai ka tabbatar ya gama karatunsa." Na ɗauki alkawari.

Shekarar farko ajiye shi muka yi. Doka ta ba ɗan wasa shekara biyar ya buga kaka huɗu, kuma tun 2018 yana iya shiga wasa har huɗu ba tare da an ƙirga masa kakar ba. Aikinsa a shekarar ci da ɗaga ƙarfe da shan duka. Ci sau biyar, sau shida a rana, a hau sikeli kowace safiya, agogo ya tashe shi da dare ya tura burodi da man gyaɗa da madara ya koma barci. Na sha ganinsa zaune gaban faranti na uku, ya zuba masa ido kamar zai yi kuka. Matata ta ji tausayinsa, a 'yan lokutan da doka ta yarda koci ya ciyar da ɗan wasa a gidansa takan dafa masa shinkafa da wake da mai da yaji, ya share kwano yana gumi, yana cewa "Mama, ƙara." A filin atisaye kuwa manyan 'yan tsaro su yi ta watsar da shi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne koya masa ja da baya. Ɗan gefen hagu shi ke kare bayan majefi na-dama, ɓangaren da ba ya gani. Dole ya tura ƙafar waje baya, ya jawo ta ciki, ƙirji a miƙe, hannuwa a shirye, alhali wani mai gudun tsiya yana tahowa kansa. Ya kai hannu da wuri, a kauce masa. Ya makara, a ture shi har kan majefi. Hannu ya fita wajen kafaɗa ya riƙe riga, alƙali ya jefa tuta a mayar da mu baya yadi goma. Wannan taku guda muka yi ta maimaitawa, safe da yamma, har dusar ƙanƙara ta zo ta tafi ta sake dawowa. A shekara ta biyu ya fara shiga wasa jefi-jefi. A ta uku ya haura kilo 135, ƙafafun nan na ƙwallon kwando suna nan ba su yi nauyi ba, ya riƙe gefen hagu kaka guda cur, da wuya ka ga an taɓa majefinmu ta wajensa. Ba zan ɓoye ba, a kakar nan tafiyata ma ta canza.

Ana gama kaka, ko kayan wasa ba a gama tattarawa ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishina. Bai zauna ba. Ya ce, "Koci, zan sa sunana a kundin sauya sheƙa." Na ce wa ya yi maka magana? Ya ce babu kowa. To, doka ta hana wata jami'a tuntuɓar ɗan wasa kafin sunansa ya shiga kundin, amma yaron da babu wanda ya yi masa magana, cikin 'yan kwanaki ya san inda za shi, ya san nawa za a ba shi, har ya san gidan da zai zauna. Ku yi lissafin da kanku. Kuɗin da aka ambata masa ya fi albashina nesa ba kusa ba.

Da a zamanin da ne, da ya yi tunani sau biyu, domin wanda ya tashi daga irin jami'armu zuwa manyan sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Kundin ya fara aiki a Oktoban 2018, a 2021 aka cire zaman jiran ga mai sauyin farko, a ranar 1 ga Yulin shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2025 ma aka ba jami'o'in da kansu damar raba wa 'yan wasa kuɗi, har kimanin dala miliyan 20.5 kowace jami'a a shekarar farko. Duk wannan na sani, ina karantawa. Zatona dai masu kama ƙwallo da majefa za a riƙa wawaso, su da ake haskawa a bidiyo. Ashe ɗan gefen hagu da ya riga ya nuna shi ne kayan da ya fi ƙaranci a kasuwa, domin babbar jami'a ba ta da haƙurin shekara uku na burodi da man gyaɗa. Ta bar mu mu yi, in ya yi kyau ta saya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asarar ba ta mutum ɗaya ba ce, nan ne ya fi yi mini ciwo. Sahun gaba aikin haɗin gwiwa ne, shi ya sa ma kyautar Joe Moore da ake bayarwa tun 2015 sahu guda ake ba, ba mutum ɗaya ba. Mai gadin hagu ya saba da yaron har ba sa buƙatar magana: su haɗu su ture mutum ɗaya, ɗayansu ya sake ya haura kan na baya, kowa ya san lokacin daga jin nauyin ɗan uwansa a kafaɗa. Da ya tafi, na ɗauko ɗan gefen dama na mayar hagu, komai ya juye masa, ƙafar da ya saba turawa baya ta zama ta gaba. Gurbin dama na cusa wani yaro da bai kai ba. Rami ɗaya ya zama uku. Kafin tsakiyar kaka majefinmu ya ji ciwo a kafaɗa, kuma ta hagu aka zo masa. Maigidanmu, babban koci, bai ce mini komai ba, sai dai ya riƙa tsayar da bidiyon a daidai wurin, ya mayar baya, ya sake kunnawa.

Yanzu ga yadda nake yi. Kowace shekara sai na ɗauki huɗu ko biyar, ko da sahun ya cika, domin na daina lissafin cewa mai kyau zai kai shekara ta biyar a hannuna. Kowane ɗan gefe yana atisaye hagu da dama tun ranar farko, kowane mai gadi yana koyon miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ko da ba zai taɓa zama santa ba. Wasanni huɗun nan na shekarar ajiya ba na barin su su tafi a banza, ina tura yara su sha wahalarsu da wuri. Zancen kuɗi kuma na daina jin kunyarsa. Tun kafin kaka ta ƙare nake zaunar da yaro da iyayensa, in ce za a kira ku, in an kira ku faɗa mini, aƙalla in san ramin da zan cike. Wasu suna faɗa, wasu sai dai ka gani a intanet. Na kuma fi karkata ga yaran da gidajensu ke kusa, waɗanda kakarsu ke zuwa kallon wasa, ko da yake shi ma wancan ɗan kusa ne, bai hana ba.

Yaron ban riƙe shi a zuci ba. Gonar mahaifinsa bashi ya yi mata katutu, kuma gwiwar ɗan sahun gaba ba ta da tabbas, yau lafiya gobe tiyata. Ya gama digirinsa a can, ya aiko wa matata hoton bikin. Wanda nake jin haushi shi ne kocin da ya tsaya gaban 'yan jarida yana bayanin yadda suka "gina" shi.

Ramin gefen hagu kuwa, daga ƙarshe da ɗan wata jami'a ta rukuni na biyu, na ƙasa da namu, masu gurabe 36, na toshe shi. Kocinsa ya yi shekara uku yana ɗura masa abinci. Na kira kocin don ladabi bayan yaron ya sa hannu, ya saurare ni, ya ce "Allah ya ba da sa'a," ya kashe wayar.

Akwai wani siriri a hannuna yanzu, ɗan kokawa, mai jifan dalma, tsugunnonsa ya fi na wancan. Na roƙi mai kula da shafukanmu na sada zumunta kada ya riƙa sa bidiyonsa. Ya yi dariya ya ce manyan jami'o'in suna da ma'aikatan da ba su da aiki sai kallon wasanninmu, kuma bidiyon kowace Asabar yana isa gare su kafin Litinin. Na ce duk da haka kada ya sa.