Mai wanke kwanuka da ɗan damfarar gidan waya

Na daɗe ina guje wa littattafan da 'yan fim ke rubutawa a kan rayuwarsu, domin yawancinsu jerin lambobin yabo ne da sunayen manyan da aka ci abinci tare. Littafin Sidney Poitier, The Measure of a Man, wanda ya fito a 2000, shi ya sa na sassauta wannan ra'ayi.

Abin da ya riƙe ni shi ne shekarunsa kafin suna. Ya tashi a tsibirin Cat da ke Bahamas, iyayensa manoman tumatir ne, babu wutar lantarki a gidansu, kuma yana ɗan shekara 15 aka tura shi Miami, inda ya fara ganin wariyar launin fata ido da ido. Daga nan ya gangara New York yana wanke kwanuka a gidajen abinci, kuma da ya je gwajin shiga wasan kwaikwayo aka kore shi saboda karin harshensa da rashin iya karatu sosai. Sai ya duƙufa sauraron rediyo yana kwaikwayon masu karanta labarai har bakinsa ya gyaru. Mutumin nan shi ne ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi Oscar, babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka, a matsayin gwarzon jarumi a 1964, amma shafukan wanke kwanukan sun fi na bikin karramawar daɗin karatu nesa ba kusa ba. Inda ya koma dogon nazari a kan ma'anar rayuwa kuwa, nan na ji littafin ya yi nauyi.

Ina gama shi na ɗauki Going Postal na Terry Pratchett, wanda ya fito a 2004, ɗaya daga cikin littattafai 41 da ya kafa a wata duniya shimfiɗaɗɗiya bisa bayan giwaye huɗu, su kuma suna tsaye a kan ƙaton kunkuru. An ceto wani ɗan damfara daga rataya aka ɗora masa farfaɗo da gidan waya da wasiƙu suka cika har rufi. Na yi dariya har matata ta leƙo daga ɗaki, amma tsohon ma'aikacin da ya ƙi barin wasiƙun nan shekara da shekaru ya tuna mini da kawuna, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, yana kuma goge hular aikinsa har ya rasu.