Bayan an tashi daga aiki a Liyon

Tun da na iso Damagaram hutu, tambaya biyu ce ke bina duk inda na zauna: nawa ake samu a can, kuma yaya ake yin takardu. An yi mini ita a fadarmu ta Birni, an yi mini a gidan surukaina a Zango, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Kasuwar Dole sai da ya yi. Ina amsawa iyakar sanina. Amma har yau babu wanda ya tambaye ni me mutum yake yi da ransa idan ya tashi daga aiki, alhali a nan ne zaman Turai yake karya mutane da yawa. Saboda ƙannena da ke ta lissafin tafiya na ce bari in rubuta.

A Liyon nake zaune, garin da koguna biyu, Rhône da Saône, suka haɗu. Karatu ya kai ni, yanzu kuma aikin wutar lantarki nake yi a gine-gine. A dokar Faransa aikin sati awa 35 ne, kuma ma'aikaci yana da hutun sati biyar a shekara ana biyansa. Wanda ya ji haka daga nan zai ce ai an huta. To, sauran lokacin fa? A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Ka fita da duhu, ka dawo da duhu, ka hau bene, ka buɗe ƙofa, babu mai ce maka sannu da zuwa. Maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku sai ku shekara gaisuwar matattakala kawai ke haɗa ku. Ba ƙiyayya ba ce, haka suka taso: ba a faɗa wa mutum gida sai an yi waya an sa rana, wani lokaci sati biyu gaba. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe, unguwa tsit. Mu kuwa da muka saba kana fitowa daga masallaci ka tarar an shimfiɗa tabarma, buta na kan gawayi, ba wanda ya gayyace ka kuma ba wanda zai kore ka, wannan shirun yana shiga jiki fiye da sanyin.

Abu na farko da kowane baƙo ke yi shi ne neman nasa. Unguwar Guillotière nan ce matattarar mu baƙaƙen fata da Larabawa: akwai shagunan da za ka samu kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin masara da busasshen kifi, da tsada dai amma akwai. Ranar Juma'a kuma, in aiki ya bari, babban masallacin Liyon da aka buɗe a 1994. Mu ƴan Nijar ba mu da yawa a garin, don haka kunnena ya koyi tsintar Hausa cikin taro. Ta haka na san wani tela ɗan zangon Kumasi, da wani direba daga Garwa ta Kamaru, da ɗalibai ƴan Maraɗi da Tawa. Mutanen kirki ne, sun riƙe ni. Sai dai kowa na fama da nasa lokacin aiki, wani dare wani rana, haɗuwa sai an yi suna ko an yi rasuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a can shi ne waya. Lokacin sanyi agogon Faransa da na Nijar ɗaya ne, da bazara ne suke gaba da awa ɗaya, saboda haka hira da gida ba ta da wahala ko kaɗan. Na san yara da dama da suke dawowa daga aiki su kwanta da WhatsApp har dare ya raba. Sun san wanda ya yi aure a Garin Malam, sun san kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Alhamis, amma ba su san sunan mutum ɗaya a titin da suke kwana ba. Ban ce a yanke zumunci ba, Allah ya kiyaye, ni ma kullum sai na ji muryar Inna. Amma wanda gangar jikinsa ke Liyon hankalinsa na Zinder shekara da shekaru, ranar da ciwo ya kwantar da shi ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na ga haka da idona, kuma yana ci mini rai.

Ni abin da Allah ya taimake ni da shi garka ce.

A gefen garuruwan Faransa akwai filaye da aka yanyanka ƙanana-ƙanana ana bai wa mazauna benaye su noma abin miya. Tsohuwar al'ada ce, wani limamin coci mai suna Lemire ya kafa ƙungiyarta a 1896 don ma'aikatan masana'antu. Yau ƙungiyoyi da hukumomin gari ne ke kula da su. Kana rubuta sunanka ka jira layi, jiran kuma yana da tsawo, in an ba ka kana biyan ɗan abu kaɗan a shekara, da sharaɗin abin da ka noma na ci ne da kyauta, ba na sayarwa ba. Wani abokin aikina ne ya ga yadda nake tsayawa ina leƙen tumatirin mutane ta shinge, ya kai ni na rubuta suna. Ni kuwa tun ina yaro duk hutun makaranta a garkar kawuna nake yinsa a Mirriya, ina ɗibar ruwa ina bin kwami-kwami. Ranar da aka miƙa mini mabuɗin ɗan ɗakin ajiye kayan aiki, na duƙa na ɗebi ƙasar na murza a hannu. Baƙa ce, mai nauyi, tana manne wa yatsu, ba irin jigawarmu ba.

Maƙwabcina ta gabas dattijo ne ɗan Aljeriya, ya yi ritaya daga aikin masana'anta, ya fi shekara arba'in a ƙasar. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Ta yamma wata tsohuwa ce ƴar Fotugal, gwanar kabeji da wake. Su suka koya mini kalandar wurin. Duk abin da ba ya jure sanyi ba a dasa shi a fili sai an wuce 11, 12 da 13 ga Mayu, kwanakin da manoman can ke tsoron sanyin ƙarshe ya sauko da dare ya ƙone shuka. Kafin nan sai dai a tsirar da iri cikin ƴan gwangwanaye a bakin taga. Tsohuwar ce ta nuna mini yadda dodon koɗi marar kwanso ke cinye salati cikin dare ɗaya, da yadda ake fitowa da fitila a tsince su.

Kayanmu na gida kuwa kowanne da halinsa a can. Tumatir, tattasai da albasa ba su da matsala. Alayyafo yana yi sosai. Kuɓewa tana son zafi, sai Yuli da Agusta take sakin jiki, in bazarar ta yi sanyi sai ta tsaya cak ta ba ka ƴaƴa kaɗan. Yakuwa tana yin ganye mai kyau har ka raba wa mutane, amma ba ta fure sai yini ya gajarta, kuma kafin soɓorodon ya kai sanyi ya riga ya iso, don haka ganyen kawai nake ci. Zogale ba ya kwana a fili lokacin hunturu, a tukunya nake ajiye shi in hau da shi ɗaki. Ranar da na fara yin miyar yakuwa da ganyen da na tsinka da hannuna a Faransa, na kira Inna na nuna mata tukunyar, ta yi ta sa mini albarka.

Zumuncina da mutanen garkar bai ƙullu da gaske ba sai a farin 2022. Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, ruwan sama ya ɗauke, hukuma ta hana ban ruwa da tsakar rana. Mutane suka rikice, shuka na ta yaushi. Ni kuma ɗan Damagaram ne. Na taso a garin da famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, inda ake tashi da asuba a bi ƴan garuwa, inda ruwan wanke hatsi ba a zubar da shi banza. Na yi wa kowace shuka ɗan gurbi a gindi, na rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, na huda ƙasan goran roba na binne kusa da saiwa ina cika su da magariba. Garkata ta tsaya kore shar. Sai ga Baba ya leƙo ta shinge ya ce, ɗana, zo ka nuna mini abin da kake yi. Washegari tsohuwar ta zo da jikanta, bayansu wasu da ban taɓa jin muryarsu ba. Tun zuwana ƙasar ni ne kullum mai tambaya, ina ne ofishin kaza, yaya ake cika takardar kaza. Ran nan ne karo na farko da aka zo wurina neman abin da na sani, kuma daga nan gaisuwa ta zama hira.

Yanzu duk Asabar da yamma, in yanayi ya yi kyau, akwai fada a gaban ɗan ɗakina. Na sayi ƙaramar buta da ƴan kofuna a Guillotière, ina dafa shayi a kan ƙaramin murhun gas, zagaye uku yadda muke yi, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi. Baba yana kawo na'ana'a daga garkarsa, yana kuma yi mini gardama cewa shayin Sahara nasu ne. Telan Kumasi da ɗaliban Maraɗi sun gane hanya. Ana buga kati, wani lokaci tsofaffin su ja mu wasan jifan ƙwallayen ƙarfe, wanda Baba ya fi kowa iyawa. Lokacin kokowar takobi kuwa, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, sanyi ya hana zaman waje, sai mu taru a ɗakina mu jingina waya da buta muna kallo. Na ba Baba labarin Langa-Langa da filin kokowar Zinder da ke ɗauke da sunansa, ya kuma riƙe sunan Issaka Issaka na Dosso, har yana tambayata ko an samu mai kayar da shi.

Ba zan ce garka ta share komai ba. Sallah ba ranar hutu ba ce a Faransa, sai ka nemi izini a wurin aiki tun da wuri. Ba a yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, shi ya sa yawancinmu muke aiko da kuɗin rago nan. Ranar layya ina tuna raguna a jere a kan itace gaban wuta a ƙofar kowane gida, da hawan sarki, da yara da sababbin kaya, ni kuma ina saman tsani ina ja da wayar wuta. Zuwa gida ma ya ƙara nisa: tun 2023 babu jirgi kai tsaye daga Faransa zuwa Yamai, sai ka bi ta Kasablanka ko Istambul, sannan ka hau mota kusan kilomita 900 zuwa Zinder. An yi rashe-rashe a danginmu da ban samu jana'iza ba. Wannan babu abin da ke maye gurbinsa.

Ƙanena na uku yana jiran amsar wata jami'a a waje. Shekaranjiya na zaunar da shi na ce, kai yaro, ban da littafi me hannunka ya iya? Ya ce yana buga ƙwallo, kuma ya ɗan iya ɗinki wurin wan babanmu. Na ce to ka riƙe su biyun da kyau. Duk garin da ka sauka, a satin farko ka nemi filin da ake buga ƙwallo ranar Lahadi ka rubuta sunanka, ko da ba ka san kowa ba, kuma ka je ko ana ruwa. Ɗinkin ma ka ƙara koyo kafin ka tafi, don a can gyaran ƙafar wando kuɗi ne, wanda ka yi wa kyauta kuma ba zai manta da kai ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan je Mirriya gaida kawu. Akwai wani ƙwaro da ke nannaɗe mini ganyen kuɓewa, na ɗauko hotonsa a waya, ina so ya duba ya faɗa mini abin da suke yi masa. Baba ne ke ba garkata ruwa kafin in koma, ya kuma roƙe ni alkaki, wanda zan saya ranar da zan tashi don kada ya bushe a hanya.