Tarihin Rayuwata, Kashi na 27: Ƙarfe Huɗu a Unguwar 'Yan Ritaya

A makon jiya mun tsaya a inda ni da Hajiya muka sayar da gidanmu na birnin Finiks, a jihar Arizona ta Amurka, bayan na ajiye aikin harhaɗa magunguna, muka tare a wata unguwar 'yan ritaya a bayan gari. Irin waɗannan unguwanni sun daɗe a jihar Arizona. Sun City, wadda ɗan kasuwar gine-gine Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairun 1960, ita ce ta yi fice, saura suka bi sahu. Sharaɗin zama shi ne a kowane gida a samu mai shekara 55 ko sama. Jikoki sai dai su zo hutu su koma.

Da hantsi unguwar tsit take, amma ƙarfe huɗu na yi sai ka ga 'yan motocin golf sun ɗau hanyar zauren taro, kowa da kwalbar giyarsa da ɗan abin taɓawa. Maƙwabta sun gayyace mu da zuciya ɗaya. Na yi godiya, na ce addinina ya hana ni sha, ya kuma hana ni zama a teburin da ake sha, kamar yadda malamanmu na Zariya suka karantar da mu. Ba wanda ya ɓata rai. Sai dai a wannan zaman ne ake jin wanda aka yi wa aikin gwiwa, da wadda mijinta ya rasu, da mai neman wanda zai kai shi asibiti. Wanda ba ya zuwa, sai ɗaga hannu daga nesa. Haka muka yi watanni.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙwabcinmu na dama, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da matarsa ta rasu. Da ya ji sana'ata, sai ya kawo mini magungunansa in duba. Ga warfarin mai tsinka jini, ga maganin barci, ga na hawan jini. Gabana ya faɗi. Ruwan jikin mutum yana raguwa da tsufa, don haka kofin da bai girgiza shi yana ɗan arba'in ba yanzu zai iya kayar da shi. Mai shan warfarin kuwa, in ya faɗi ya bugu a ka, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwa. Na faɗa masa haka ba ɓoye-ɓoye, na roƙe shi ya sanar da likitansa yawan abin da yake sha.

Ya yi shiru, can ya ce, "Da tana raye ban damu da giya ba. Amma in yamma ta yi, gidan nan ba ya zaunuwa."

Da babban likitan gwamnatin Amurka na wancan lokaci, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a 2023 cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasar, wannan bawan Allah na fara tunawa.

Hajiya ce ta kawo mafita. Ta ce, "Alhaji, su suna da yammarsu, mu kuma mu ɗauki safiya. Ka buɗe gareji mana." Dama a bazarar Arizona zafi kan wuce digiri 43 a ma'aunin Salsiyos, tsofaffi da sassafe suke fita tattaki. Bayan sallar asuba sai in jera kujeru, ta dafa shayi da citta da kanumfari da na'a-na'a, ranar Asabar ta soya ƙosai. Maƙwabcin nan shi ya fara zama. Ya jawo abokin wasan kartarsa, wannan ya zo da matarsa, hira ta kankama.

Bai daina zuwa zaman ƙarfe huɗu ba, ni ma ban nemi ya rabu da abokansa ba. Amma ya je wurin likitan, an canza masa maganin barcin, ya kuma ce mini yanzu kofi ɗaya yake sha ya taso, don kada ya makara shayin safe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda majalisar ta kasance da watan azumi ya kama, tukunyar shayi ta koma lokacin buɗa-baki.