Maki tara na Nabaaha

Ranar Lahadi 28 ga Yuli 2024 na zauna da waya a hannu ina bin wasan badminton na mata a gasar Olamfik ta birnin Faris. P.V. Sindhu ta Indiya nake jira, kamar kowa. Mace ce da ta ci lambar azurfa a Olamfik ta Riyo a 2016, ta zama zakarar duniya a 2019, ta ƙara da tagulla a Tokiyo. Abokiyar karawarta kuwa sai da na karanta sunanta sau biyu: Fathimath Nabaaha Abdul Razzaq, daga Maldibs. Fatima ce dai, irin tamu, da lafazin mutanen can.

Cikin minti 29 aka gama. Sindhu ta ci 21 da 9, sannan 21 da 6. Amma tun daga ranar, waɗannan maki tara na zagayen farko sun tsaya mini a rai.

Na buga badminton shekaru da dama tun ina makarantar kwana, don haka na san abin da ake nufi da tsayawa gaban wadda ta fi ki nesa ba kusa ba. Ƙwallon nan gashin tsuntsu goma sha shida ne aka dasa a kan ɗan toshe, nauyinsa wajen giram biyar ne kawai. Idan kin riƙe shi a tafin hannu kamar ba ki riƙe komai ba. To amma bari gwana ta doko shi daga sama, kafin ki ɗaga hannu ya riga ya sha ƙasa. Sindhu doguwa ce, dukanta daga sama yake saukowa kamar shaho. Wadda ta tsaya a ɗaya gefen ragar ta tara maki tara, ko da wasu daga kuskuren Sindhu suka zo, sai da ta mayar da ƙwallon tukuna kafin a yi kuskuren.

Daga baya na bi tarihinta. An haife ta a 1999. Ƙasarta tsibirai ne kusan 1,200 warwatse a Tekun Indiya, mutanenta duka-duka wajen rabin miliyan, Musulmi ne, harshensu Dibehi. Babban birnin, Male, a cunkushe yake kan ɗan tsibiri guda. Badminton kuwa wasan cikin ɗaki ne, iska kaɗan ta ishe ta ɓata shi. Mu da muka yi fama da hunturu yana kwashe mana ƙwallo mun sani. Sai an sami babban zaure mai dogon rufi, sai an sami abokan atisaye da za su matsa miki lamba kullum. A Indiya ko Sin, yarinya mai hazaƙa tana da ɗaruruwan tsararta da za ta goga da su. A ƙasa mai rabin miliyan, da kin zama ta ɗaya, wa ya rage ya ja ki gaba? Kowace gasa ta kirki kuma sai an hau jirgi an ƙetare teku.

Faris ba ita ce ta farko ba. Ta je Tokiyo a 2021, ita ce mace ta farko daga Maldibs da ta buga badminton a Olamfik, kuma tana cikin waɗanda suka ɗauki tutar ƙasar ranar buɗewa. Ta shiga ne ta gurbin gayyata da ake ware wa ƙasashe masu ƙarancin 'yan wasa. Na sha jin masu cewa irin wannan gurbi ɓata lokaci ne, tunda an san ba za su ci ba. Ban yarda ba ko kaɗan. Maldibs tana zuwa Olamfik tun 1988 ba ta taɓa ɗaukar lamba ba, kuma ba don lamba take zuwa ba. Idan ba a buɗe ƙofar ba, ta ina yarinyar da ke Male za ta ga wata mai irin sunanta a wannan fili?

A Tokiyo rukuninta ya haɗa ta da He Bingjiao ta Sin, 'yar bahago, da Sorayya Aghaei ta Iran. Duka biyun sun doke ta. A Faris ma, bayan Sindhu, Kristin Kuuba ta Estoniya ta yi nasara a kanta. Wasa huɗu ke nan babu nasara ko ɗaya, ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai a duba su wa ta tarar: Sindhu da He Bingjiao su ne suka yi takarar tagulla a Tokiyo, kuma a Faris He ce ta fitar da Sindhu ta je ta ci azurfa. Da waɗannan biyun aka haɗa ta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shekara ukun da ke tsakani. Ta koma gida daga Tokiyo ta san girman ratar sarai, ta ji ta a ƙafafunta. Duk da haka ta ci gaba da atisaye har ta sake dawowa.

Tana da 'yar'uwa, Aminath Nabeeha, wadda suke buga wasan bibbiyu tare. Fatima da Amina, 'yan gida ɗaya a gefe ɗaya na raga. Wasanninsu nake nema a intanet yanzu, ina nuna wa 'yata da ta fara riƙe raket bana.